Ruwan Rufinmu: Ina Yake Tafiya?

Jawabi ga taron dattawa, shugabannin Zumuntar Mata da na matasa na ikkilisiyoyin yankin Tambuwal da Kebbe

 

Kwamiti ya ba mu wannan lokaci domin mu yi magana a kan ruwan sama da ke sauka daga rufin majami'unmu da gidajenmu. Mun san akwai masu cewa a ransu, an tara dattawa da furfurarsu domin maganar duro da kwata? Ku yi mana haƙuri. Duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin gini ya san inda baikon masu bi yake tafiya bayan kowace damina: gyaran katanga, sake yaɓe, tada makewayin da ya rufta, sayen yashi a cike ramin da ruwa ya tona a bakin ƙofa. Daga nan kuma watan Maris ya zo, mu ga matan limamai da yaransu suna jiran mai garuwa da kuɗi a hannu. Ruwan da ya ci mana gini a watan Agusta shi ne muke saye a watan Afrilu.

Mu fara da lissafi, domin sai an ga yawan ruwan kafin a yarda da maganar. Ƙa'idar ba ta da wuya. Idan masana yanayi suka ce an yi ruwa milimita 1, ma'anarsa kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 ya sami lita 1. Birnin Sakkwato yakan sami kamar milimita 600 zuwa 700 a shekara, mu da ke kudancin jihar namu yakan ɗan ɗara haka. Mu ɗauki 700 domin sauƙi. Majami'a mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, filin da rufinta ya rufe ya kai murabba'in mita 200. A ninka 200 sau 700, an sami lita 140,000. Mu cire kashi 1 cikin 5 saboda abin da zai fantsama, da wanda iska za ta ɗauke, da ruwan fari da za mu zubar. Saura lita 112,000. Wannan duro 560 ke nan na mai lita 200, ko jarka 4,480 ta mai lita 25. Ma'ajin kowace ikkilisiya ya san kuɗin jarka ɗaya a garinsu, sai ya ninka da kansa.

Amma ruwanmu ba ya zuwa da hankali. Daga Yuni zuwa Satumba yake sauka, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma sau da yawa da iska da ƙarfi, cikin awa ɗaya ko biyu. Ruwan dare ɗaya na milimita 30 a kan wancan rufi lita 6,000 ne, wato duro 30. Idan rufin mai gefe biyu ne, kowane gefe yana zubar da lita 3,000 a kan layi ɗaya mai tsawon mita 20. Kowace mita ɗaya ta gindin bango tana shan lita 150 a dare guda. Ku duba gindin bangon majami'arku idan kun koma, za ku ga wani siririn kwari da ruwan kwano ya tona, ya bi ginin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Nan ne ginin yake fara mutuwa. Ruwa yana jiƙa ƙasar da harsashi ya zauna a kai, ƙasar ta yi laushi, ginin ya sauka ta gefe ɗaya, tsaga ta fito daga kusurwar taga. Idan ginin ƙasa ne, abin ya fi sauri, domin ruwan da ya bugi ƙasa yana fallatsa ya ci gindin bangon har ya zama sirirtacce, wata rana cikin malka ya zauna gaba ɗaya, wani lokaci da mutane a ciki.

Mun saba idan an ce ambaliya mu tuna da manya. Mu tuna da Satumbar 2010, lokacin da ruwan gulbin Rima ya yi ɓarna ƙasa da madatsar Goronyo har ya cinye gadar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Mu tuna da shinkafar da ruwa ya shanye a jihar Kebbi a 2020, da Maiduguri a Satumbar 2024 bayan fashewar madatsar Alau, da Mokwa a Mayun 2025. Waɗanda ke noma a fadamar gulbin Zamfara sun san wannan irin ruwa, kuma ba mu da ikon tare shi. Abin da za mu iya shi ne mu saurari hasashen da hukumar NiMet da hukumar NIHSA suke fitarwa kafin kowace damina, mu tashi idan an ce a tashi. Amma ɗakunan da ke faɗuwa a unguwanninmu da yawa ba gulbi ya same su ba. Ruwan rufinsu ne da na maƙwabci ya kwana a gindinsu.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi a wurinmu, kuma muna roƙon dattawa su ji ta da kyau. Mu kaɗan ne a waɗannan garuruwa. Da yawa cikinmu aiki ya kawo su, malaman makaranta, 'yan sanda, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa, kuma a gidajen haya suke. Filayen da majami'unmu ke kai, kowa ya san wahalar da aka sha kafin a same su. Majami'a kuwa sau da yawa ita ce rufin kwano mafi faɗi a layinta, kewaye da gidajen ƙasa. Idan lita 3,000 suka sauka daga gefen rufinmu suka bi ta rariya suka daki katangar maƙwabci har ta faɗi, ba za a ce ruwa ya kada katanga ba. Za a ce majami'a ta kada katangar wane. Maganar da ta fara a kan indararo tana iya komawa wata magana dabam kafin ta kai ƙofar mai unguwa, kuma a lokacin ba mu ne za mu zaɓi sunan da za a sa mata ba.

Kuma gaskiya tana wurin maƙwabcin. Al'adar ƙasar nan ta san haƙƙin indararo tun kafin kwano ya zo. Maginin gargajiya ba ya juya bakin indararon soro zuwa cikin gidan wani. Fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar nan suke bi ya yi maganar ruwan sama tsakanin maƙwabta, da hana mutum cutar da na kusa da shi ta hanyar gininsa. Saboda haka idan maƙwabci ya zo da ƙorafi, kada dattijo ya ɗauka tsokana ce. A fita tare da shi, a duba hanyar ruwan, a gyara. Mafi kyau ma kada a jira ya zo. Kafin damina, kwamitin gini ya je ya gaishe da maƙwabta na kowane gefe, ya tambaye su ko ruwanmu yana damunsu. In za a tona kwata zuwa hanya, a sanar da mai unguwa tukuna.

To, me za mu yi da ruwan? Abu na fari a tare shi tun daga sama. Ana kafa kwararon ruwa a bakin kwano, na roba ko na farantin ƙarfe da mai walda zai lanƙwasa, a karkata shi kaɗan, kamar santimita 1 a kowace mita, zuwa inda duro yake. A ɗaure shi sosai da ƙarfe a jikin katako, ba da waya kawai ba, domin iskar farkon damina ta ƙasar nan ba ta wasa. Kwararon da ya lotsa a tsakiya yana riƙe ruwa, ya zama gidan sauro a saman kanmu. Ɗaki ciki da falo mai mita 8 da mita 4 yana ba da lita 800 a ruwan milimita 25, wato duro 4. Ko gefe ɗaya kawai aka tare, an sami duro 2. Mai haya ya nemi izinin mai gida kafin ya buga ƙusa. Ba mu ga dalilin da mai gida zai ƙi ba, tun da gininsa ake karewa.

Duron kansa yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne muke son iyayenmu mata su tsaya da ƙarfi. A san abin da duron ya ɗauka kafin ya zo kasuwa. Wanda ya taɓa ɗaukar maganin feshi, ko maganin ciyawa, ko man dizal, ko wani sinadarin da ba a san shi ba, kada ya shiga gida ko da kyauta ne. Wanki ba ya fitar da guba daga jikin roba. Haka jarkokin maganin gona da yara ke ɗebo ruwa da su. A nemi duron da ya ɗauko abinci, ko a sayi sabo.

A ɗora shi a kan dakali mai ƙarfi wanda ya daidaita. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne, saboda haka cikakken duro ya kai kilo 200, tanki mai lita 2,000 kuma tan 2. Bulo biyu da aka jera a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba za su riƙe wannan ba, kuma yara suna wasa a wurin. A sa famfo a ƙasan duron domin a daina tsoma kofi da hannu a ciki. A rufe shi da murfin da yaro ba zai iya ɗagawa ba. Yaro mai shekara 2 ko 3 idan ya leƙa duro ko babban bokiti ya kifa da ka, ba ya iya juyowa, kuma ba ya yin kuka a ji.

Murfin yana da wani aiki na biyu. Sauro iri-iri ne. Mai kawo zazzabin cizon sauro ya fi son ƙananan tafkuna da rana ke dukansu, sawun mota, sawun shanu, kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini. Akwai kuma wani mai zanen fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ya fi son ruwa mai tsabta cikin duro da randa da tsohuwar taya. Shi ne ke kawo shawara da zazzabin dengi, kuma a ƙarshen 2023 hukumar NCDC ta tabbatar da ɓullar dengi a jihar Sakkwato. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Saboda haka bakin da ruwa ke shiga duro, da bakin da yake fita idan ya cika, duka a rufe su da ragar sauro irin ta taga. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna cewa a jihar Kebbi, maƙwabciyarmu ta nan kusa, yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 suna ɗauke da ƙwayar zazzabin cizon sauro a jininsu, alhali a ƙasa baki ɗaya 22 ne cikin 100. Shi ya sa Kebbi ta kasance ɗaya daga jihohi biyu da aka fara ba da rigakafin zazzabin a Disambar 2024. Sauro bai san iyakar jiha ba. Bai kamata mu ƙara masa wurin haihuwa da sunan tanadin ruwa ba.

Sai maganar sha. Ruwan sama mai kyau ne ga wanki, yana kumfa, ba ya cin sabulu kamar ruwan wasu rijiyoyinmu. Amma rufin da ya bi ta kai ya yi wata 7 ko 8 yana tara ƙurar hunturu da kashin tsuntsu da na ƙadangare da na jemage. Ruwan fari na shekara a bar shi ya wanke kwano ya tafi gaba ɗaya. Bayan haka ma, a kowane ruwa a kawar da bakin bututun na 'yan mintuna, a zubar da kamar bokiti ɗaya ko biyu a ƙaramin ɗaki, kafin a mayar cikin duro. Ko da an yi wannan, wanda za a sha a tafasa shi ko a sa masa kulorin bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ruwan rufin ciyawa kuwa a bar shi ga shuka da wankin tsakar gida.

Kada kuma mu yaudari kanmu game da abin da duro zai iya. Gida mai mutum 6, kowa lita 20 a rana, yana buƙatar lita 120, wato duro ɗaya bai kai kwana biyu ba. Duro yana sauƙaƙa damina. Yana hutar da yara daga zuwa rijiya cikin taɓo, kuma a ƙauyukan da tsaro ya yi rauni a shekarun nan, rage wa mata da 'yan mata doguwar tafiya neman ruwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba ya ƙetare rani. Wanda zai ƙetare rani sai babban tanki. A arewa maso gabashin Brazil, yankin fari da ruwansa bai fi namu wani yawa ba, tun farkon shekarun 2000 ƙungiyoyin jama'a, har da na ikkilisiya, suka haɗa hannu da gwamnati suna gina wa gidajen karkara tankin siminti mai lita 16,000 wanda ruwan rufi ke cikawa. Sun gina sama da miliyan ɗaya. Ga lissafin a wurinmu: mutum 6, lita 5 kowa domin sha da girki kawai, lita 30 ke nan a rana, cikin kwana 240 ya zama lita 7,200. Rufin majami'a ɗaya yana iya cika irin wannan tanki sau da yawa cikin damina guda. A ganinmu, ikkilisiyar da ke shirin sayen sabbin lasifika ko tayil ɗin bagade ta fara duba wannan tukuna. Kuma idan an gina, a fito da famfo ɗaya wajen katanga domin unguwa.

Komai girman tanki, wata rana cikin Agusta zai cika, ruwa kuma yana ci gaba da sauka. Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sun tara ruwan rufi duka a wuri ɗaya, duro ya cika, ya yi ta malala a gindin bango, ɓarnar ta fi ta da. Kowane duro da kowane tanki yana buƙatar bututun fita a sama, mai faɗi daidai da na shiga, wanda zai kai rarar ruwan nesa da gini.

Wannan ya kawo mu ga tsakar gida. Ranar da aka yi babban ruwa, wani daga kwamiti ya ɗauki lema ya zagaya filin majami'a yana kallo, ta ina ruwa ke shigowa, ina yake tsayawa, ta ina yake fita. Rabin awa na irin wannan kallo ya fi zaman kwamiti uku. Ƙasar da ke kewaye da gini dole ta gangara daga bango zuwa waje, kamar santimita 5 a kowace mita har mita 2 ko 3. Gidajenmu da yawa akasin haka suke, domin shara da sharewar kullum sun kwashe ƙasar gindin bango, hanya kuma ta yi ta tashi har ta fi tsakar gida tudu. A cike da jar ƙasa, a daddaɓe. Inda akwai hali a yi daɓen siminti mai faɗin kamar mita 1 kewaye da ginin, inda babu a shimfiɗa tsakuwa a layin da ruwan kwano ke faɗuwa. Masu sabon gini kuma su ce wa kafinta ya bar leɓen kwano ya fito sosai, kada a yi tsimin kwano a nan.

Ruwan da aka kawar daga bango, gara a shayar da shi ga ƙasarmu da a tura shi hanya. A tona ramin gwaji mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a ga ko ya shanye cikin 'yan awoyi. A ƙasar jigawa mai yashi zai shanye, a laka irin ta bakin fadama zai kwana. Inda ƙasa ke sha, ƙaramin gida yana iya yin rami mai mita 1 kowane gefe a cika shi da duwatsu, amma a sani duwatsun sun cinye wurin, ruwan da zai ɗauka bai wuce lita 300 ba. Ga majami'a wannan ya yi kaɗan. Gara a yi kwari mai faɗi marar zurfi: mita 5 da mita 4 da zurfin santimita 30 yana ɗaukar lita 6,000 daidai, wato ruwan dare ɗaya da muka lissafa. A dasa jema ko gamba a bakinsa su riƙe ƙasa, a sa zogale da gwanda da lemo a kewaye. Manoman Tawa a Nijar sun daɗe suna farfaɗo da fako da ramukan tassa da na rabin wata, dabarar ɗaya ce, a tsayar da ruwa har ƙasa ta sha. Sharaɗin dai kada ruwan ya wuce kwana 2 a tsaye. Idan yana wucewa, a yi masa hanyar fita. Ramin ya yi nesa da kowane gini, namu da na maƙwabci, da aƙalla mita 5.

Kuma kada ruwan rufi ya kusanci masai. Masai da ruwa ya cika yana rufta, kafin ya rufta kuma yana tumbatsa, ƙazantar ta bi tsakar gida ta shiga rijiya. A 2021 ƙasar nan ta ga annobar amai da gudawa da ta kama mutum sama da 100,000, ta kashe sama da 3,000, jiharmu tana cikin waɗanda abin ya taɓa, kuma a cikin damina ta fi tsanani. A ɗaga bakin masai da bakin rijiya su fi ƙasar da ke kewaye tudu, a yi wa rijiya murfi. Wanda zai tona sabo ya bar tazarar mita 30 tsakaninsu idan fili ya ba shi, masai kuma ya kasance ta gangare. Ruwan wanka da na wanke-wanke yana da ramin kansa, kada a haɗa shi da na sama.

Rariyar katanga da kwatar ƙofar gida, leda ce ke toshe su. Wannan aikin matasa ne, kuma muna so su yi shi a watan Mayu, ba a Agusta ba. Kada su tsaya a iyakar filin majami'a, su yashe har ƙarshen layi, su kwashe abin da suka fitar, domin idan an bar shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi ciki.

Ga abin da kwamiti yake roƙo. Magatakardan kowace ikkilisiya ya auna tsawo da faɗin majami'a da gidan limami, a ƙasa za a auna, ba sai an hau rufi ba. Ya rubuta irin rufin, da gefen da ruwa ke gangarawa, da gidan wa ke wannan gefen, da nisan masai daga rijiya. Ma'aji ya tambayo farashin kwararo da duro da tanki a kasuwa mafi kusa. Zumuntar Mata ta ƙirga gidajen masu bi da ke da duro marar murfi. A kawo waɗannan a zamanmu na gaba, domin mu ga ikkilisiyar da gininta ya fi shiga haɗari mu fara da ita, mu kuma ga ko sayen kayan a haɗe zai rage mana kuɗi. Waɗanda ke da magini ko mai walda a cikin membobinsu su ba shugaban taro sunansa kafin a tashi.